Stack Overflow da Ɗan Koyo: Yadda Gidan Amsoshi Ya Gaji da Masu Tambaya

A ranar 26 ga Afrilu, 2018, kamfanin Stack Overflow, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke tambaya da amsa a cikinsa, ya fito ya faɗi abin da masu koyon rubuta manhaja suka daɗe suna gunaguni a kai. Jay Hanlon, ɗaya daga cikin manyan shugabannin kamfanin, ya rubuta da yawun kamfanin cewa wurin nasu ba ya tarbar baƙo da sakin fuska, kuma lokacin gyara ya yi. Ya ambaci waɗanda abin ya fi shafa: sababbin shiga, da mata, da waɗanda ba fararen fata ba. A lokacin Stack Overflow yana shirin cika shekara goma, kuma da wuya ka sami mai rubuta manhaja a duniya, daga Bangalo ta Indiya zuwa Kano, wanda bai taɓa kwafar amsa daga can ba.

Maganar ta raba mutane gida biyu. Masu koyo suka ce dama sun faɗa. Tsofaffin hannu da suka shekara da shekaru suna amsa tambayoyi kyauta suka ji an ci musu fuska a bainar jama'a, kuma wanda ya ci fuskar shi ne kamfanin da ke samun kuɗi da guminsu. Duka ɓangarorin biyu suna da gaskiyarsu, shi ya sa lamarin ya cancanci a zauna a dube shi da kyau. Abin da nake gani shi ne, zafin da ɗan koyo ke ji a wurin bai samo asali daga mugun halin wasu ɗaiɗaikun mutane ba. Tun daga harsashi aka gina shi cikin dokokin wurin, kuma da kamfanin ya tashi gyara, sai ya fi mai da hankali ga lafazin mutane, ya bar ginin yadda yake.

Yadda aka aza harsashi

Jeff Atwood da Joel Spolsky ne suka buɗe Stack Overflow ga jama'a a watan Satumba na 2008. Kafin nan, wanda manhajarsa ta ƙi aiki sai ya yi ta lalube a intanet, ya tarar da wani ya yi irin tambayarsa shekara biyar da suka wuce, an yi ta surutu shafi bayan shafi ba amsa. Ko kuma ya faɗa Experts Exchange, inda ake nuna masa tambaya a ɓoye amsa sai ya biya. Su biyun suka ce za su yi akasin haka: tambaya ɗaya, amsoshi a ƙarƙashinta, jama'a su kaɗa ƙuri'a amsa mafi kyau ta hau sama, kowa ya karanta kyauta, kuma duk abin da aka rubuta ya zama na kowa a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, mai ba kowa damar kwafa da amfani.

Tsarin ya yi aiki fiye da yadda kowa ya zata. Tambayoyin da aka tara sun haura miliyan 20. A ɗauki misali ɗaya: a watan Agusta na 2012 wani ya tambayi yadda ake fita daga Vim, wata tsohuwar manhajar rubutu da kan ritsa da wanda bai san ta ba, ya shiga ya rasa ƙofar fita. Amsar gajeriya ce, a danna Esc, a rubuta :q! ko :wq, a danna Enter. Zuwa watan Mayu na 2017 an buɗe wannan tambayar sau miliyan ɗaya. Mutum ɗaya ya yi tambayar da ƙwararre zai kira ta yara, mutum miliyan suka amfana.

A nan falsafar wurin take, kuma a nan matsalar ta fara. Idan mutum miliyan ne za su karanta, to mai tambayar ba shi ne abokin hulɗa na gaskiya ba, masu zuwa daga baya su ne. Waɗanda suka kafa wurin ba su ɓoye wannan ba. Ma'ajiyar ilimi suke ginawa, irin wadda ake dubawa kamar ƙamus, ba aji ba. A 2011 Atwood ya bayyana ra'ayinsa ƙarara, inda ya kwatanta tambayoyi da yashi, amsoshi kuma da lu'ulu'u: yashi ko'ina akwai shi, lu'ulu'u ne ke wuya, don haka masu amsa za a lallaɓa.

Dokokin maki, wato ladan da mutum ke tarawa idan an yabi rubutunsa, suka bi wannan ra'ayi sau da ƙafa. Sabon shiga yana farawa da maki 1. A tsarin da aka daɗe ana bi, sai ya kai 50 zai iya yin tsokaci a ƙarƙashin rubutun wani, sai 125 zai iya kaɗa ƙuri'ar kushe, sai 2,000 zai iya gyara rubutun wasu kai tsaye, sai 3,000 zai iya kaɗa ƙuri'ar rufe tambaya, wato a hana kowa ƙara amsa ta. A 2010 aka rage ladan ƙuri'ar yabo a kan tambaya daga maki 10 zuwa 5, aka bar na amsa a 10. A 2011 aka mayar da kushe tambaya kyauta, alhali wanda ya kushe amsa ana cire masa maki ɗaya. A 2014 aka ba wanda ya samu lambar zinare a wani fanni, wato wanda ya tara ƙuri'u 1,000 a amsoshi aƙalla 200, ikon rufe tambaya shi kaɗai idan ya ga an taɓa yin irinta. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan dokoki tana da hujja mai ƙarfi idan ma'ajiya kake karewa. Amma idan ka tara su wuri ɗaya ka tsaya a inda ɗan koyo yake tsaye, za ka ga duk iko yana hannu ɗaya, kuma kushe shi ba ya cin kowa komai.

Abin da sabon shiga ke tararwa

Mu ɗauka ɗalibi ne a shekararsa ta biyu a jami'a, an ba shi aikin gida a yaren Java. Ya rubuta layi ɗari da wani abu, ya kunna, manhajar ta tsaya ta jefo masa jan rubutu: NullPointerException. Ya kwana a kai bai gane ba. Ya buɗe asusu, ya liƙa duk abin da ya rubuta, ya yi gaisuwa, ya ce shi sabo ne a taimaka masa, ya yi godiya tun kafin a amsa.

Abu na farko da zai ɓace shi ne gaisuwar. Tun 2011 na'urar wurin take share kalmomin gaisuwa na Turanci daga farkon rubutu, ba tare da ta tambayi mai shi ba. Abin da na'ura ta bari, kamar godiya da roƙo da bayanin cewa shi ɗan koyo ne, wani mai maki 2,000 zai zo ya goge, domin a dokar wurin duk wannan hayaniya ce da ke ɓata wa mai karatu na gaba lokaci. Mai gogewar yana ganin taimako ya yi. Amma ga wanda ya tashi a gidan da ba a shiga sai da sallama, ba a kuma fara roƙon babba sai an gaishe shi, wannan saƙo ne mai nauyi: ladabin da ya zo da shi, wanda shi ne kaɗai abin da yake da shi na bayarwa, an ce ba a so.

Abu na biyu, cikin 'yan mintoci lambar ƙuri'u da ke gefen tambayar za ta koma ƙasa da sifili. Babu wanda doka ta tilasta wa ya faɗi dalilin kushewarsa, kuma ba a nuna sunan mai kushewa. Ɗalibin yana kallon lamba tana sauka, bai san laifinsa ba.

Abu na uku shi ne rufewa. Akwai wata tsohuwar tambaya tun 2008 a kan menene NullPointerException da yadda ake gyara shi, kuma dubban tambayoyi aka rufe aka tura masu su can. Amsar da ke can ingantacciya ce. Ta yi bayanin cewa kuskuren na faruwa ne idan ka nemi amfani da abin da ka ba suna amma ba ka ƙirƙira ba, ta kuma nuna yadda ake bin saƙon kuskuren har a gano layin da abin ya faru. Ga mai rufewa, an gama magana, amsa tana nan tun shekaru. Ga ɗalibin, ba a ce masa komai ba. Da ya iya ɗaukar bayani na gaba ɗaya ya ɗora a kan layi na 47 na aikinsa, da bai yi tambayar ba. Wannan ɗorawar ita ce ainihin abin da bai iya ba tukuna, kuma ita ce abin da malami ke koyarwa.

Haka abin yake da sharaɗin da aka fi yawan jefa wa sababbi, cewa su kawo ƙaramin misali cikakke wanda wani zai iya kunnawa ya ga kuskuren da idonsa. Sharaɗi ne mai kyau ƙwarai. Ƙwararru da yawa za su gaya maka cewa a wajen tsame wannan ƙaramin misalin suke gano matsalar da kansu, ba sai sun tambaya ba. Sai dai iya yanke layi ɗari zuwa goma ba tare da kuskuren ya ɓace ba fasaha ce da ake koyo cikin watanni. An sa wa mai shigowa jarrabawar da sai wanda ya riga ya zauna a ciki ne zai ci.

Idan ɗalibin ya ji kunya ya share tambayarsa, kamar yadda mutane da yawa ke yi, ya ƙara jefa kansa cikin rami bai sani ba. Akwai na'urar da ke lissafa tambayoyin da ba su samu karɓuwa ba, har da waɗanda aka share, idan suka taru sai ta hana asusun yin tambaya. Wanda aka hana ana ba shi damar tambaya ɗaya bayan wata shida. Ba mutum ne ya yanke hukuncin ba, kuma masu sa ido, wato 'yan sa-kai masu kula da dokokin wurin, su ma ba su da ikon ɗage shi.

Sai maganar harshe. Babban Stack Overflow Turanci kawai yake karɓa. Tsakanin 2014 da 2015 an buɗe rassa na harshen Fotugis da Japananci da Rashanci da Sifaniyanci, ba a buɗe na wani harshen Afirka ba. Yaron da ke koyon yaren Python a Zariya da wayar hannu, ko na Damagaram da ya yi karatunsa da Faransanci, yana ɗauke da kaya biyu a lokaci guda: bai san sunan matsalarsa a fasahance ba, kuma zai bayyana ta da harshen da ba nasa ba. Idan aka rubuta masa cewa ba a gane abin da yake nufi ba, ba shi da hanyar sanin ko Turancinsa ne ya gaza ko fahimtarsa. Da yawa sai su ɗauka duka biyun ne.

Wani bincike na 2013 ya gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu na masu tambaya sau ɗaya tak suke yi, kuma kashi 8 cikin ɗari ne kawai ke amsa tambaya fiye da biyar. Ba duk wanda ya yi tambaya ɗaya ya tafi ba ne aka kora, wani ya samu abin da yake so ne ya kama gabansa. Amma alƙaluman sun nuna siffar wurin: taron baƙi masu wucewa a gefe ɗaya, 'yan tsirarun mazauna a ɗaya gefen.

Su kuma masu amsa fa?

Ba adalci ba ne a tsaya a nan. Waɗannan 'yan tsirarun ba a biyansu ko sisi. Jon Skeet, injiniya ɗan Ingila, ya kai maki miliyan ɗaya a farkon 2018 bayan ya amsa tambayoyi sama da dubu talatin, kuma an san shi da haƙuri da dogon bayani. Irinsa suna da yawa, waɗanda ba a san sunayensu ba sun fi yawa. A lokacin da wurin ke ganiyarsa, wajen 2014, tambayoyi kimanin 200,000 ke shigowa a wata, dubbai kenan a kowace rana. A cikinsu akwai wanda ya kwafo tambayar jarrabawa ya liƙa ko kalma ɗaya bai ƙara ba, akwai wanda ya ɗauki hoton allon kwamfuta da waya a maimakon ya kwafo rubutun, akwai wanda aka ɓata minti ashirin ana yi masa bayani ya karɓi amsa ya share tambayar don kada malaminsa ya gani.

Wanda ya ga tambaya iri ɗaya sau ɗari uku, idan ta ɗari uku da ɗaya ta zo, ba mutum yake gani ba, maimaici yake gani. Mai tambayar kuwa wannan ce ta farkonsa a duniya. Duk rikicin yana cikin wannan tazarar. Kalma huɗu da tsohon hannu ya rubuta cikin gajiya, yana tambayar me ka gwada, a wurinsa tambaya ce ta aiki, domin ba zai iya taimako ba sai ya sani. A kunnen ɗan koyo kuwa tuhuma ce ta lalaci.

Kuma tsoron da suke yi ba na banza ba ne. Sun ga wuraren tambaya da amsa da suka buɗe ƙofa ga komai, suka cika da shara, ƙwararru suka watse, aka bar makafi suna yi wa juna jagora. Ni kaina ba na goyon bayan a ce a daina rufe tambaya. Ma'ajiyar da ba a sharewa ba ta amfanar kowa, har da ɗan koyon. Abin da nake ƙi shi ne a ce rufewa da kushewa su ne kawai kayan aikin da aka miƙa wa mai son taimako, sannan a dawo ana mamakin yadda ya zama mai kaushi.

Gyare-gyaren da aka gwada

Kamfanin ya san da matsalar tun da wuri. A 2012 Spolsky ya ƙaddamar da wani gangami na kira ga mutane su sassauta harshe. A 2013 aka sauya dalilan rufe tambaya, aka cire wanda ke cewa wannan ba tambaya ce ta gaskiya ba, aka kuma mayar da kalmar rufewa zuwa dakatarwa a kwanakin farko, don mai tambaya ya gane cewa zai iya gyarawa a sake buɗewa. An sassauta kalmomi, abin da ke faruwa da mai tambaya bai sauya ba.

Gwajin da ya fi muhimmanci, a ganina, shi ne na 2017, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Na tsawon wata ɗaya, idan sabon shiga ya fara rubuta tambaya, sai a yi masa tayin shiga wani ɗakin hira kafin ya aika. A can wasu tsofaffin hannu da suka ba da kansu za su karanta abin da ya rubuta, su ce masa ƙara saƙon kuskuren, rage wannan, faɗi abin da kake tsammanin gani da abin da ka gani. Ba sa amsa masa tambayar, koya masa yadda ake tambaya suke yi. Mai bincike Denae Ford da abokan aikinta suka wallafa sakamakon a 2018: matsakaicin makin tambayoyin da suka bi ta wannan ɗaki ya ƙaru da kashi 50 cikin ɗari a kan waɗanda ba su bi ba.

Wannan ya nuna abubuwa biyu. Yawancin munanan tambayoyi ba daga malalata suke fitowa ba, daga waɗanda ba a taɓa gaya wa al'adar wurin ba ne. Sannan akwai ƙwararru masu son koyarwa, wuri ne kawai ba a ba su ba. Duk wanda ya san tsangaya ya san wannan tsarin. Alaramma ba ya zama ya biya wa kowane kolo baƙaƙe, gardi ne ke yi, shi ke duba allo ya gyara kafin a kai gaban malam. Stack Overflow ya tara alarammomi, kolaye kuma suna ta kwararowa, amma bai tanadi gurbin gardi ba. Gwajin 2017 shi ne gurbin. Da watan ya ƙare aka rufe ɗakin.

Abin da ya biyo bayan furucin Hanlon ya bi wata hanya dabam. A watan Yuli na 2018 kamfanin ya fitar da sakamakon wani aiki da ma'aikatansa suka yi na tantance dubban tsokaci, inda suka ce kimanin kashi 7 cikin ɗari ne marasa sakin fuska. Wasu suka ɗauki wannan a matsayin wanke kai, tunda kashi 93 lafiya lau suke. Amma masu tantancewar 'yan gida ne da kunnensu ya saba, kuma gwano ba ya jin warin jikinsa. Ban da haka, kashi 7 ba a raba shi daidai tsakanin kowa da kowa, a kan masu rauni yake taruwa. Mafi girma ma, lissafin tsokaci ba ya kama ƙuri'ar kushe da ba ta magana, ko rufewa, ko haramcin wata shida.

A watan Agusta na shekarar aka fito da sabuwar dokar ɗa'a, aka kuma liƙa wa sababbi wata alama ta ɗaga hannu da ke tuna wa masu amsa su yi hattara. A 2019 aka kawo wani tsari mai jagorantar mai tambaya mataki-mataki, a watan Nuwamba kuma aka mayar da ladan tambaya maki 10, har ga tsofaffin tambayoyi. Wannan na ƙarshe gyara ne na gaske, domin ya taɓa ginin. Amma a watan Disamba na shekarar aka rage yawan ƙuri'un da ake bukata don rufe tambaya daga biyar zuwa uku, saboda jerin tambayoyin da ke jiran hukunci ya fi ƙarfin masu dubawa. Hannu ɗaya ya ba, ɗaya ya karɓe.

A daidai wannan lokaci amana tsakanin kamfanin da 'yan sa-kansa ta karye. A watan Satumba na 2019 ya tsige wata mai sa ido ta sa-kai ba tare da bin ƙa'ida ba, masu sa ido da dama suka ajiye aiki ko suka janye hannu, kamfanin ya ba da haƙuri daga baya. Mutanen da ake roƙo su ƙara haƙuri da baƙi su ne mutanen da ke jin ba a daraja su. Mai jin haka ba ya da sauran haƙurin da zai raba wa wani. A 2021 kamfanin Prosus ya sayi Stack Overflow a kan dala biliyan 1.8, kuɗin da amsoshin kyauta suka gina.

Da wata ƙofa ta buɗe

Yawan tambayoyi ya fara raguwa a hankali tun bayan 2014, ya ɗan farfaɗo a farkon annobar korona a 2020, ya ci gaba da sauka. Sai ranar 30 ga Nuwamba, 2022, aka fito da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya nan take. Cikin mako ɗaya masu sa ido suka haramta liƙa amsoshinsa a Stack Overflow, kuma hujjarsu mai kyau ce: amsoshin suna da kyan gani, kuskurensu na da yawa, kuma samar da su ya fi tantance su sauƙi nesa ba kusa ba. Da kamfanin ya nemi ɗaure musu hannu a kan aiwatar da haramcin, suka shiga yajin aiki a watan Yuni na 2023. A watan Oktoba na shekarar kamfanin ya sallami kashi 28 cikin ɗari na ma'aikatansa.

Amma babban abin da ya faru ba a ɓangaren masu amsa ya faru ba. Masu tambaya ne suka daina zuwa. Ɗalibin nan mai aikin Java yanzu zai liƙa layinsa ɗari gaba ɗaya, da gaisuwarsa da karyayyen Turancinsa, a nuna masa layi na 47. Idan bai gane ba ya sake tambaya sau goma, ba mai kushe shi, ba mai cewa an taɓa yi. Wani lokaci amsar ƙarya ce tsagwaronta, kuma shi ne mutum na ƙarshe da zai iya ganewa. Duk da haka ya zaɓi na'urar da kan yi kuskure a kan ƙwararren da zai kunyata shi. Zuwa tsakiyar 2025 yawan sababbin tambayoyi a wata ya koma kwatankwacin na 2009, lokacin da wurin bai fi shekara ɗaya ba.

Ba zan ce kaushin hali ne kaɗai ya jawo wannan ba. Ko da wurin ya fi kowane wuri fara'a, amsar daƙiƙa biyar za ta janye mutane. Kuma yawancin tambayoyin farko an riga an amsa su, dole sababbi su ragu. Abin da kaushin ya yi shi ne ya hana wurin samun abin da zai riƙe mutane da shi a ranar da aka samu zaɓi. Wanda aka taɓa zama da shi aka gyara masa tambaya yana da dalilin dawowa, domin ya san mutane a can, kuma wata rana shi ma zai so ya gyara wa wani. Wanda aka rufe wa tambaya cikin minti huɗu ba shi da kowa a can.

A watan Yuni na 2024 kamfanin ya buɗe Staging Ground, wani zaure da tambayar sabon shiga ke fara sauka, inda tsofaffin hannu ke dubawa su ba da shawara kafin ta fita fili, ba tare da ƙuri'ar kushe ba. Wannan shi ne gwajin 2017 da aka mayar tsari na dindindin. Abu ne mai kyau, kuma waɗanda suka yi aikinsa sun cancanci yabo. Amma shekara bakwai ke tsakanin ranar da aka ga maganin yana aiki da ranar da aka fara bayar da shi, kuma a cikin shekarun nan ɗalibai masu yawan gaske suka zo suka tafi.

Wata ɗaya kafin nan, a watan Mayu na 2024, kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da OpenAI, mai ChatGPT, na ba shi damar amfani da ma'ajiyar, bayan irinta da ya ƙulla da Google a farkon shekarar. Wasu masu amsa suka fusata suka fara goge rubutunsu, aka dawo da rubutun aka dakatar da asusunsu. Na'urorin da ɗan koyo ya gudu wurinsu daga irin wannan ma'ajiyar suka sha, ingancin da masu rufe tambaya suka tsare shi ne ke cikin amsar da yake samu. Sai dai ma'ajiyar ta tsofaffin matsaloli ce. Kowace shekara ana fito da sababbin yarukan kwamfuta da sababbin kayan aiki, da kurakuran da ba wanda ya taɓa gani. Waɗanda za su amsa su nan da shekara goma su ne masu koyo na yau, kuma hirarsu da na'ura a ɓoye take, tsakanin mutum ɗaya da allonsa. Mai tambayar Vim na 2012 ya bar wa mutum miliyan amsa. Na yau idan ya samu tasa, yana rufe shafin ta tafi da shi.